Ƙyallin Ruɓaɓɓen Jirgi

Tun a Agadas na san na jawo wa kaina. Ni Mudi, da nake da rumfata ta fentin mota a Daura, ina cin tuwona ba mai ce mini tak, sai ga ni a bayan a-kori-kura an cusa mu kamar buhunan gero, ƙafafu a waje, kowa ya rungume wata sanda da aka kafa masa tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo. Wanda ya zuga ni kuwa yana gefena ya wangale baki.

"Bawana, riƙe sandar nan da kyau," in ji shi. "In ka faɗo wa zai ɗaukar mini jaka?"

Ilu ke nan, ɗan Gwaggo Hanne ta Dutsi, ƙanwar babana. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, kuma tun muna yawo ba wando ba mu taɓa yi wa juna maganar kirki ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa. Na taɓa aika masa cewa saniyarsu ta faɗa rijiya, ya bar kayansa a kasuwa ya sheƙo a guje, ya tarar da ita a kwance tana tuƙa. Shi kuma ya rama ranar Sallah, ya ce rumfata ta kama da wuta, na je da babbar riga ina haki. Har rantsuwa mun lalata ta a tsakaninmu, Allah ya yafe mana. Duk da haka ba ni da wanda ya fi shi a duniya, shi ya sa da ya ce Libiya na ce mu je. Shi Turai ce a ransa. Ni na ce masa iyakata inda ƙasa ta ƙare, in yi sana'ata in dawo.

Saharar nan ba na son tuna ta. Rana ta dafa mu, ruwan jarka ya koma warin fetur, leɓɓana suka tsattsage har Fatiha sai a zuci. Muna wuce tarin duwatsu nan da can, direba ya ce kaburbura ne, ya faɗa ko a jikinsa. Wani mutum ya yi gyangyaɗi ya suɓuce daga motar da ke gabanmu, muna kallo yana birgima cikin yashi, sai da aka yi ta dukan rufin motar ana ihu kafin direban ya ga damar tsayawa. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Wata mata 'yar Damagaram da ke zaune a kan ƙafata ta ji ina karkarwa, ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙuli-ƙuli, ta ce in tsotsa kada in tauna. Ban san sunanta ba, amma har gobe tana cikin addu'ata.

A Sabha, cikin Libiya, muka ga halin mutum. Wani da ya yi mini alkawarin cewa akwai gareji yana jirana a bakin teku, Bahaushe ɗan'uwanmu da tabon salla a goshi, ya kai mu wani gida ya ce mu huta yana zuwa. Zuwan da bai yi ba ke nan. Ashe miƙa mu ya yi. Aka garƙame ƙofa, kullum a fitar da mu buga bulo a dawo da mu da yamma, kuma ta bayan bango muna jin yadda ake dukan wasu ana kara musu waya a baki don 'yan gidansu su ji. Ilu kuwa ko a nan bai fasa ba. Ya dube ni mun yi futu-futu da siminti ya ce, "Kai da ma aikin bauta gadonka ne, ni ne abin tausayi." Na zage shi, na ji sanyi a raina. Da ginin mutanen ya ƙare suka loda mu a wata motar kaya aka rufe mu da tamfol, aka zubar da mu a wani gari na bakin ruwa.

Ni ruwan da na sani shi ne wanda ake jawowa da guga a Kusugu, sai tafki da damina. Ranar da na fara ganin teku sai da na ja da baya. Ruwa ne ba shi da ɗaya gefen, yana tasowa yana komawa yana wani irin gurnani, ba ya hutawa ko na ƙiftawar ido. Na ce, "Ilu, wannan abin za ka hau?" Ya ce, "Kai dai tsaya a tudu ka riƙe mini takalma."

A garin, baƙar fata marar takarda ba ya tafiya a tsakiyar titi. Da safe mukan tsugunna a wani shataletale muna jiran mai neman leburori, ido ɗaya a kan motocin masu aiki, ɗaya a kan motocin masu kame. Wata safiya Ilu ya take mini ƙafa da gangan, na ɗura masa ashar da ƙarfi. Sai na ji daga cikin wata mota an ce, "Kai! Wane ne mai zagi da Hausa haka da sanyin safiya?"

Wani dattijo ne baƙi, siriri, da farin gemu. Baba Adamu sunansa. Kakanninsa ne suka bar ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Bai taɓa ganin Daura ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce. Da ya ji sana'ata fenti ce ya yi magana da Balaraben da ke tuƙi, aka ce in hau. Balaraben shi ne Hajji Miftah, mai wani fili a bakin ruwa inda ake gyaran jiragen ruwa. Ilu ya samu aikin gini, ya koma kwana a wani gida can bayan gari inda masu niyyar tsallakawa ke taruwa suna jiran a kira su. Sai ranar Juma'a yake leƙo ni.

Jiragen da ake kawo wa Hajji ba na katako ba ne, ba na ƙarfe ba. Faiba ake ce wa abin, wani zare ne mai kama da gilashi da ake shimfiɗawa ana shafe shi da ƙaro har ya daskare, sannan a bi samansa da wata siririyar fata mai launi da santsi. Rana da gishiri su ke cinye fatar nan. Jirgin da aka saya ja wur sai ya koɗe ya yi fari-fari, in ka shafa shi tafinka ya fito kamar ka dafa alli. Ranar farko na ce a miƙo mini bindigar fenti in gama da shi kafin azahar.

Baba Adamu ya yi dariya. "Wannan ba motar haya ba ce, ɗana. Launin yana nan a ƙasa bai je ko'ina ba. Matacciyar fatar kawai za ka cire."

Ya koya mini. A wanke da sabulu tukuna, don ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin hannunka sai ta ja maka layi daga hanci har wutsiya. Sai samfefa da ruwa, ka fara da mai ɗan kaushi ka gangaro zuwa mai laushi kamar takarda, tafi a kwance, ruwan da ke zuba ya fara fitowa fari sannan ya ɗauko launin jirgin. In ya ɗauko launi ka dakata. A kan kusurwa kuwa ba a dannawa, fatar ba ta da kauri, in ka huda ta zaren ya leƙo ka gama ɓarna. Daga nan a shafa man gogewa mai ɗan yashi-yashi, a bi shi da inji mai faifan ulu, ana tafiya da shi ba a tsayawa wuri ɗaya don kada ya ƙona. A ƙarshe a shafa kaki a goge da tsumma. Ƙurar faiba ta fi sussukar gero ƙaiƙayi, kafaɗuna suka yi tsami, amma wallahi na so aikin nan. Ranar da jirgina na farko ya dawo ja, na ga fuskata a jikinsa har da ramar da na yi, sai da na yi ƙwalla. Na tuna rumfata, da masu shayin da ke kusa da ita, da yadda direbobi ke zagaya mota suna cewa Mudi ka iya.

Hajji ba ya duka, amma ba ya dariya. 'Ya'yansa ne abin tsoro, samari masu yawo da bindiga a kujerar mota kamar yadda namu ke yawo da rediyo. A cikin wata kwantena nake kwana a filin, Baba Adamu yana kawo mini burodi da miyar wake daga gidansa, wani lokaci har da kuka da ya ce matarsa ke samowa wajen 'yan Chadi.

Ana nan sai Hajji ya sa aka jawo wani jirgi daga bayan fili, inda ya shekara da shekaru a yashe kyanwoyi na haihuwa a ciki. Babba ne, da shuɗi ne, yanzu ya koma launin toka. Ina wanke shi na ga ƙasansa duk ƙuraje. Na latsa ɗaya da farce, wani ruwa mai tsami ya tsarto mini a fuska. Baba Adamu ya karɓi sukundireba ya juya ƙotar yana ƙwanƙwasa jikin jirgin. Can sama yana cewa ƙwas, ƙwas. Da ya gangaro ƙasa sai sautin ya mutu, buf, buf, kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. A tsakiyar ƙasan akwai tsaga ta fi tsawon hannuna. Katakon baya kuwa, inda ake ɗaure inji, ya soka sukundireban ya shige kamar cikin dafaffen rogo.

Ya je ya gaya wa Hajji. Na ga Hajji ya nuna jirgin, ya nuna ni, sannan ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Baba Adamu ya dawo fuskarsa ba daɗi.

"Ya ce a cike tsagar da fila, a shafe, a goge."

"Baba, fila ai ta mota ce. Wane masunci zai shiga ruwa da wannan?"

"Ba masunci ba ne." Ya rage murya. "Masu tsallakar da mutane ne suka saya. Mutane sun fara gudun jirgin roba, don haka yanzu na faiba suke nuna musu a hoto. Su ba sa bukatar ya dawo, ɗana. Bukatarsu ya yi ƙyalli."

Na ce ba zan yi ba. Ya ce wanda na gada ma haka ya faɗa, Hajji ya kira masu kame, har yau ba a san gidan yarin da yake ba. Na waiwaya na ga babban ɗan Hajji a kan kujera a inuwar jirgin, bindiga a cinya, yana cin 'ya'yan kabewa yana tofar da ɓawon. Na ɗauki samfefa.

Kwana da kwanaki ina kansa, Hajji na zagayowa yana shafawa da bayan hannu, in ya ji kaushi ya nuna mini. Na cike tsagar, na daddanne ƙurajen, na haɗa launi na rufe tabon. Da injin ulu ya bi ta kansa sai shuɗin nan ya taso, mai zurfi, mai sheƙi kamar shaddar da ta sha bugu. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kuma ban taɓa ƙin aikin hannuna kamar shi ba. Wasu mutane suka zo a baƙar mota suka ɗauke shi hoto ta kowane gefe.

Ranar Juma'a Ilu ya shigo yana taku ɗai-ɗai kamar ango. Ya zaro waya ya kara mini a hanci.

"Bawana, taya ubangidanka murna. An sa mu a layi. Ga jirginmu, sabo fil, ba irin robar nan ta talakawa ba."

Shuɗin jirgin ne. Har bokitina ya fito a gefen hoton.

Na kama hannunsa na ja shi bayan kwantena inda jirgin yake a kan katakai. Allah ya taimaka ɗan Hajji ya tafi masallaci. Na ce, "Ga shi nan. Ni na goge shi. Ilu, ruɓaɓɓe ne. Ƙasansa a tsage yake, fila na cusa. Ba zai kai ku ko'ina ba."

Ya zagaya jirgin yana shafawa, ya tsaya yana gyara hularsa a jikinsa. "Kai ka yi wannan? Kai, ashe bawan nawa yana da amfani! To ai magana ta ƙare. Da ina ɗan ɗar-ɗar, amma tunda aikinka ne hankalina ya kwanta."

"Ƙyallin banza ne! Fata ce kawai!"

"Ka taɓa ganin tsohon abu yana ƙyalli haka?"

Na ɗauko sukundireba na ƙwanƙwasa masa sama, na ƙwanƙwasa ƙasa. Na ce ya saurara. Ɗan banzan nan sai ya fara rawa, wai in ƙara kiɗan, kalangun ya yi daɗi. Na ce wallahi tallahi. Ya ce, "Saniyarmu ma ai da wallahi ta faɗa rijiya." Na kira shi da sunansa na yanka, na ce, "Iliyasu, don girman Allah ka saurare ni," abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife mu. Ya riƙe ciki yana dariya har da dukan cinya, wai yau na fito da sabon salo.

Baba Adamu da ke wanke faifan ulu ya ɗago ya dubi ƙofa, sannan ya ce a hankali, "Yaro, gaskiya ɗan'uwanka ya faɗa maka."

Ilu ya dafa ƙirji. "Baba, har da kai? Me ya ba ka? Wannan fa tun muna yara haka yake, baƙin ciki yake in riga shi arziki."

Raina ya ɓaci har ina ganin duhu. Na fizge wayarsa na kira Gwaggo Hanne a Dutsi, don na san in ta ce kada ya hau, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai hau ba. Na gaishe ta a gurguje, na zayyana mata komai. Sai na ji ta tuntsire da dariya, har ina jin awakinta a bayanta.

"Oh ni Hanne! Ku dai ba za ku girma ba. Har a ƙasar Larabawa ba ku bar wasan nan ba? Mudi, ka ƙyale mini ɗa ya je ya nemo. Ba ni shi in sa masa albarka."

Ina tsaye ta sa masa albarka, yana cewa amin yana yi mini gwalo.

Bayan ranar ban ƙara sanin ɗanɗanon abinci ba. In na ɗaga ido na ga teku sai in ga Ilu a cikinsa, shi da ko a tafkin Dutsi bai taɓa wuce gwiwa ba. Na yi tunanin in ɗauki guduma in farfasa jirgin, amma tun daga ranar nan ɗan Hajji bai ƙara matsawa daga inuwarsa ba sai ya bar ƙanensa. Na yi tunanin in je gidan da suke, Baba Adamu ya ce an riga an kulle su, an karɓe wayoyi, ba shiga ba fita. Na yi salla na yi addu'a, na rasa ma me zan roƙa. Me zan je in ce wa Gwaggo? In ce na san ruɓaɓɓe ne, kuma ni na yi masa kwalliya?

Wata la'asar baƙar motar ta dawo tana jan tirelar ɗaukar jirgi, bayanta wata motar kaya. Aka sauke maza daga cikin masu tafiyar don su tura jirgin. Ilu na cikinsu. Ya rame, amma yana hango ni ya ɗaga gira. Kusa da shi akwai wani mutumin Damagaram mai sanyin hali, Malam Sani, abokin kwanansa, wanda ya taɓa rako shi wurina. Muna jera katakai na matsa kusa da shi na raɗa masa cewa jirgin ba shi da ƙasa, na ce ya gaya wa sauran. Ya dube ni, na ga shi ya yarda. Ya saci kallon masu bindigar, ya ce, "Mun riga mun shiga hannu, Malam Mudi. Ba a fasawa. Sai dai addu'a."

Aka kwance tirelar daga mota don a daidaita ta da jirgin. Hancinta, wani jibgegen ƙarfe, aka ɗora shi a kan jak, aka ce ni in kula da shi tunda ni ne ɗan gida. Mutane suka sa kafaɗa, ana ja da igiya ana turawa, jirgin ya hau a hankali yana ƙara. Duk nauyinsa ya dawo gaba, a kan jak ɗin da ke hannuna. Na san da sun ɗaure shi sun maƙala a mota shi ke nan. Na kuma san abin da Baba Adamu ya taɓa gaya mini, cewa ba a bakin gaɓa ake hawa ba, sai an yi gudu a cikin yashi an kutsa ruwa har ƙirji, wanda ba zai iya ba barinsa suke yi.

Na ce, "Ilu, zo ka tokare mini katakon nan da ƙafarka, yana zamewa."

Ya taho yana murmushi. "Jama'a ku gani, bawa na aiken ubangidansa. To na yi maka na bankwana."

Ya sa ƙafarsa ta dama a ƙarƙashin ƙarfen, daidai inda na nuna masa. Na ce bismillahi a zuciyata, na murɗe jak ɗin gaba ɗaya.

Ƙarar da na ji ba zan kwatanta ta ba. Bai yi ihu nan take ba. Ya buɗe baki, ya dubi ƙafar, ya dubi hannuna da ke kan jak, sannan ya dube ni. Ya gane. Sai bayan nan ihun ya fito.

Ban san wanda ya fara kai mini gindin bindiga ba. Na faɗi, suka bi ni da takalma, na ji haƙorina a kan harshena. Ina jin Baba Adamu yana ta magiya da Larabci, wai jak ɗin ne tsoho, wai tsautsayi ne. Aka ɗaga ƙarfen aka jawo Ilu. Shugaban masu bindigar ya taɓa ƙafar da bakin takalmi, ya ga yadda ta juya, ya tofar da yawu ya ce a bar shi nan. Suka maƙala tirelar, suka kora sauran cikin mota. Ina kwance a ƙasa da ido ɗaya a buɗe na ga Malam Sani ya waiwayo ya ɗaga mana hannu. Jirgin ya fita daga filin rana na haska shi, kai ka ce yau aka ƙera shi.

Asibiti ba na irinmu ba ne, can ma kame ake yi. Baba Adamu ya yi masa ɗori da 'yan katakai da tsumma a cikin kwantenata. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, zazzaɓi ya rufe shi yana sambatu yana kiran Inna. Wani sabon tsoron ya taso mini wanda ya fi na da: kada in zama na ƙwace shi daga ruwa na kashe shi da hannuna. Ina shinshina ɗaurin kullum ina jiran in ji wari. Matar Baba Adamu ta aiko da wasu ƙwayoyi da man shafawa, Allah ya saka mata. A hankali zazzaɓin ya sauka. Da ya dawo hayyacinsa ya juya fuska ga bango. In na ba shi ruwa ya karɓa, in na ɗaga shi ya yi fitsari ya dafa ni, amma ko kalma.

Ba a jima ba masunta suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wata safiya Baba Adamu bai zo da wuri ba, sai wajen azahar ya shigo wandonsa jiƙe da yashi. Ruwa ya dawo da mutane a gaɓar da ke gabas da gari, ya je ya taya binnewa. Ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannu. Sannan ya shigo kwantena ya ajiye wani ɓallin faiba a kan tabarma, bai fi tafin hannu ba. Shuɗi ne, har lokacin yana sheƙi.

Ilu ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya juya bayan ɓallin, ya sa farce, abin ya marmashe.

"Malam Sani fa?" Maganarsa ta farko ke nan.

Baba Adamu ya ce ba a iya gane fuskoki.

Ilu ya daɗe yana kallon ɓallin. Ya ce, "Da ka bar shi da tokarsa, Mudi, da wasunmu sun yi gardama tun a hoto." Ya ajiye ɓallin. Ya ce, "Ni ka karya mini ƙafa. Su fa?"

Na fita bayan kwantena na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar babana.

Baba Adamu ne ya fitar da mu a motar wani mai kifi, ya haɗa mu da masu mayar da baƙi ƙasashensu. Da za mu rabu ya ce in na isa in sha ruwan Kusugu da sunansa. Muka yi zaman jira mai tsawo a wani sansani, daga baya aka sa mu a jirgin sama. Duk tsawon wannan lokaci Ilu bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. In zai kira ni sai ya ce Mudi, a bushe, kamar wanda muka haɗu a tasha. Na gwammace ya zage ni.

Ni na kai shi Dutsi. Ƙafar ta ɗore a karkace, yana dogara sanda. Gwaggo Hanne na tankaɗe a tsakar gida, da ta gan mu ta saki rariyar ta rungume shi tana salati. Maƙwabta suka cika gidan. Da aka natsu ta zaunar da shi a tabarma ta ɗora ƙafar a cinyarta tana shafawa tana hawaye. Ya ce mata ƙarfe ne ya faɗo masa a wurin aiki, wani ne ya saki jak.

"Wani? Wane marar imanin ne?" Ta ɗaga hannu sama. "Ɗana ya fita da ƙafafunsa biyu an mayar mini da shi gurgu. Wanda duk ya saki ƙarfen nan, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira! Mudi, kana ji ka yi shiru? Ka ce amin mana."

Gwaggona ce, jinin babana, bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Na buɗe baki in faɗa mata kowane ne, sai na ji sandar Ilu ta bugi ƙasa.

"Inna, janye."

"In janye me?"

"Allah ya isan nan. Ki janye ta yanzu, kafin ki tashi daga wurin nan."

Ta dube shi da mamaki. "Ka san shi ne?"

"Na san shi. Ki yafe masa, ki sa masa albarka."

Ta dubi matan da ke tsaye, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce to, tunda shi mai ƙafar ya ce haka, ta janye, ta yafe. Ta ce Allah ya yi masa albarka duk inda yake, ya raba shi da sharrin ruwa da na wuta.

Ni na kasa cewa amin. Ilu ne ya faɗa, bai kuma dube ni ba.